A Sayar ko a Riƙe: Ahmed Musa da Rabi'u Ali a Kan Sikeli

Kasuwar 'yan wasa ta Turai sau biyu take ci a shekara, babba a tsakiyar damina, ƙarama a cikin hunturu. A Wasagu babbar takan zo daidai lokacin da ake fama da noma da maimai. A makonnin nan gidajen kallon ƙwallo a rufe suke yawanci, janareto ya huta, allon bakin ƙofa da ake rubuta wasannin ranar da alli ruwan sama ya wanke shi tas. Amma musu ba ya hutu. Da an dawo daga gona an yi sallar Isha'i, sai teburin mai shayi da rumfar mai cajin waya su cika, kowa da wayarsa a hannu, kowa da labarin da ya tsinto: wane zai koma Madrid, wane ya ƙi sabunta kwantiragi, Arsenal ta taya wane an ƙi sallama mata. Za ka ji yaro yana ce wa wansa, “Yaya, wallahi in suka sayar da shi na bar kulob ɗin nan,” wan kuma ya ce, “Kai dai yi haƙuri, ƙane, wannan kuɗin mutum uku zai sayo.”

Wannan musu na Turai nishaɗi ne, ba mu da ko sisi a ciki. Wanda ya fi damuna shi ne idan zancen ya dawo gida. Jihar Kebbi ba ta da ƙungiya a gasar Firimiyar Najeriya, don haka da yawa daga masu bin ƙwallon cikin gida a ƙasar Zuru, Kano Pillars suke wa kallon tasu. Ita kuwa Pillars ta ba mu mutum biyu da suka ishe mu auna maganar baki ɗaya. Ɗaya ya tafi tun yana ɗan shekara 18, ɗaya ya zauna har ya haura arba'in yana sanye da rigar. Su ne Ahmed Musa da Rabi'u Ali. Tambayar da magoya baya ke sa-in-sa a kanta ita ce: idan ƙungiya ta yi dace da yaro mai ƙafa, ta sallama shi ga masu kuɗi ne, ko ta riƙe abinta?

Labarin Ahmed Musa kowa ya san shi, don haka ba zan ja shi ba. An haife shi a Jos a 1992, ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH, sannan ya zo Kano. A kakar 2009 zuwa 2010 ya zura ƙwallo 18 a raga, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar kafin shi, Pillars kuma ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Kaka ɗaya ke nan. Daga nan sai VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA Moscow a 2012 inda ya ci kofin gasar Rasha sau uku, sai Leicester City ta Ingila a 2016 a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16, sai Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, kuma babu ɗan Najeriya da ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa.

Masu cewa a sayar, nan suke kafa hujja, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Da an tsare yaron nan a Kano, da wa zai san shi a Rasha ko Ingila? Da ina zai samu abin gina cibiyar wasanni a Hotoro, da gidan mai, da ɗimbin mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa? Kuma ai bai tafi ke nan ba. Ya dawo Pillars a 2021 na ɗan lokaci, ya sake dawowa a watan Oktoban 2024, a 2025 kuma gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Sukan ce, ga riba nan kowa na gani da idonsa.

Sai dai akwai abu guda da ake tsallakewa a wannan labari, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Ahmed Musa aro Pillars ta karɓo shi. Ba ɗan wasanta ba ne na dindindin. Ƙungiyar da ta haska shi ga duniya, wadda magoya bayanta suka cika filin Sani Abacha suna kiran sunansa, ba ita ke riƙe da igiyarsa ba. Alherin da ya dawo da shi Kano daga baya halinsa ne na kirki ya kawo, babu takardar da ta tilasta masa. Ƙungiya kuwa ba ta gina kanta a kan fatan cewa duk wanda ya tafi zai kasance mai tuna baya. Junior Lokosa ya ci wa Pillars ƙwallo 19 a 2018, shekara na zagayowa ya koma Esperance ta Tunisiya. Sani Kaita ya bar Kano zuwa Sparta Rotterdam bayan gasar matasa ta duniya ta 2005. Shehu Abdullahi, maƙwabcinmu ɗan Sakkwato, ya bi ta Kuwait da Fotugal da Cyprus da Turkiyya kafin ya waiwayo. Kowace tafiya tana barin gurbi a fili, kuma mai goyon baya yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka cike gurbin da shi.

Yanzu ga wanda ya zauna.

Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, an haife shi a 1980. Ɗan wasan tsakiya ne, ba ɗan gaba ba, amma ya ci ƙwallo sama da 100 a gasar Firimiyar ƙasar nan, da yawansu daga bugun tazara da fenareti. Wanda ya taɓa ganinsa ya ajiye ƙwallo a bakin da'irar gola ya san abin da nake nufi. Ba ya gaggawa. Zai gyara zaman ƙwallon da hannu, ya ja da baya taku kaɗan, ya dubi katangar mutanen da aka jera masa, filin ya yi tsit kamar ba kowa. Ba shi da gudun Ahmed Musa, bai taɓa da'awar yana da shi ba. Abin da yake da shi ido ne da natsuwa, da sanin inda abokin wasansa zai kasance kafin shi abokin ya sani.

A dubi lissafin kofuna. Pillars ta ci gasar Firimiya a 2008, sannan ta ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ukun nan duk bayan tafiyar Ahmed Musa aka ci su, kuma da irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed aka ci, mutanen da suka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. A zamanin ne filin Kano ya zama inda baƙo ba ya cin wasa, shekara goma sha biyu cur, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A 2019 Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, Rabi'u yana cikin fili. Ya kuma wakilci Najeriya a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka, ta 2014 a Afirka ta Kudu inda aka zo na uku, da ta 2018 a Maroko inda aka kai wasan ƙarshe.

Abin da ya fi ɗaga shi a idona ba kofi ba ne. A 2022 Pillars ta faɗi daga Firimiya, tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ranar baƙin ciki ce ga duk mai bin ƙwallon Arewa. A irin wannan lokaci 'yan wasa kan watse, kowa ya nemi inda zai fake, kuma ba a ganin laifinsu. Rabi'u yana da shekara 41 a lokacin, ya riga ya ci duk abin da ake ci a gida, da ya rataye takalmi babu mai cewa uffan. Ya bi ƙungiyar zuwa ƙaramar gasa, ya buga a filayen da ba su kai darajarsa ba, aka dawo da ita a 2023. Yana da shekara 44 yana ci mata ƙwallo, a gefen Ahmed Musa da ya dawo. Duk wanda ya ce a sayar da kowa muddin farashi ya yi, sai ya gaya mana nawa ne kuɗin wannan.

Manomi a ƙasarmu ya san bambancin san huɗa da san da aka turke don kasuwa. Na turke, ranar da ya yi ƙiba farashi ya hau, a kai shi Bena ko Ribah a karɓi kuɗi, jinkiri asara ne. Na huɗa kuwa ko an taya da tsada mai hankali ba ya saki ana tsakiyar damina, domin gonar ce za ta kwana. Gidan da ya san abin da yake yi yana da duka biyun, kuma kuɗin na farko ne ke sayen dusar na biyu. Iyakar inda misalin ya tsaya shi ne, ɗan wasa mutum ne, yana da iyaye da iyali da buri, kuma yana da bakin cewa e ko a'a.

Wannan batu na baki shi ya sa nake so mu leƙa wata duniya da ba mu saba da ita ba. A Kanada da Amurka akwai wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ake yi da sanda a kan daskararren ruwa, 'yan wasa na sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. Babbar gasarsu, NHL, ƙungiyoyi 32 ne, bakwai a Kanada, sauran a Amurka. A can ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Musaya ake yi: ba ni wane in ba ka wane, ko in ba ka damata ta zaɓen sabon yaro a baɗi, domin kowace shekara ƙungiyoyi na zaɓar matasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi su ke samun damar farko. Kwantiragin ɗan wasa yana binsa duk inda aka tura shi, kuma in ba ya sa sharaɗi a takardarsa tun farko ba, ba sai an nemi yardarsa ba. Mutum zai iya kwana ɗan wannan gari ya wayi gari ɗan wancan. Tun 2005 kuma aka sa iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka.

Musayar da ta fi girgiza su ta faru ranar 9 ga Agustan 1988, lokacin ana iya haɗawa da kuɗi. Wayne Gretzky, wanda suke ɗauka babu kamarsa a tarihin wasan, ya ci wa Edmonton Oilers babban kofin gasar, kofin Stanley, sau huɗu, a 1984 da 1985 da 1987 da 1988. Wata uku bai cika da kofi na huɗu ba mai ƙungiyar, Peter Pocklington, ya miƙa shi ga Los Angeles Kings. Gretzky ya yi hawaye a gaban 'yan jarida. Mutanen Edmonton suka ƙona mutum-mutumin Pocklington, wani ɗan majalisar tarayya, Nelson Riis, har ya nemi gwamnati ta hana cinikin. Duk wanda ya ga fuskar ɗan Barcelona a gidan kallo ranar da Messi ya tafi a 2021 zai gane irin wannan zafi.

Ga abin da ya ja hankalina. A ranar da aka yi musayar, kowane yaro a Edmonton ya san abin da aka karɓo: 'yan wasa biyu, Jimmy Carson da Martin Gelinas, da damar zaɓe a zagayen farko har sau uku, da dala miliyan 15. An bayyana komai a fili, mai zagi ya yi zagi da hujja, mai karewa ya kare da hujja. Daga baya aka musanya Carson da wasu matasa daga Detroit, kuma da su da Gelinas da tsofaffin da suka zauna, ƙarƙashin jagorancin Mark Messier, Edmonton ta sake cin kofin a 1990. Gretzky bai ƙara ɗaga shi ba har ya yi ritaya.

Ba na sha'awar tsarin da zai tura magidanci wani gari ba da saninsa ba. A nan ƙwallon ƙafa ta fi adalci, musamman tun hukuncin Bosman na 1995 da ya ba ɗan wasa 'yancin tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare. Amma ina kishin mai goyon bayan hoki a kan abu ɗaya: musunsa a kan abin da za a samu ne a madadin wanda zai tafi, kuma yana da alƙaluman yin musun. Namu musun na gida a duhu ake yinsa. Yawancin ƙungiyoyin Firimiyarmu na gwamnatocin jihohi ne, ba al'adarsu ba ce su buga wa jama'a lissafin cinikin 'yan wasa. Kwantiragi sau da yawa na kaka ɗaya ne, albashi yakan makara, don haka yaro na fara haskawa sai dillali ya riga ƙungiya. Wanda bai ɗaure ɗan wasa da takarda mai tsawo ba, kuma bai biya shi haƙƙinsa a kan kari ba, ba shi da abin sayarwa, ba shi kuma da ikon riƙewa. Sai ya zama muna ta musu a kan zaɓin da ƙungiyar ma ba ta da shi.

To ina na tsaya? Idan aka tambaye ni wanda ya fi yi wa Pillars aiki a cikin fili, Rabi'u Ali ne, babu ko tantama. Kofunan suna nan, shekarun suna nan. Idan kuwa ɗan maƙwabcina ne mai shekara 18 aka zo nema daga Turai ta hanyar gaskiya, mahaifinsa ya zo ya ce, “Malam, me ka gani?” zan ce masa, “Baba, a sa masa albarka ya tafi.” Rayuwar ɗan ƙwallo gajeriya ce, rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe ta, kuma babu wanda ke da hurumin ce wa ɗan talaka ya zauna don daɗin 'yan kallo. Zama irin na Rabi'u kyauta ce da mutum ke bayarwa da kansa, ba a karɓarta da ƙarfi. Hukuncina shi ne a sayar da matashi idan lokacinsa ya yi, amma a sayar da shi da takarda, da sharaɗin kaso idan an sake sayar da shi gaba, a faɗa wa magoya baya nawa aka karɓa, sannan kuɗin ya tafi wurin biyan waɗanda suka zauna. Dubi Victor Osimhen: Lille ta saye shi a 2019, shekara guda ta sayar wa Napoli a kan kimanin yuro miliyan 70. Babban kuɗi a ciniki na biyu da na uku yake, kuma wanda bai rubuta kasonsa tun ranar farko ba sai dai ya ji a rediyo.

Wannan magana ba ta Kano kaɗai ba ce, ta iso har ƙofar gidanmu. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, a jihar nan tamu. Daga ƙwallon Jega ya tafi Fotugal, ya sha wahala a ƙananan ƙungiyoyi irin su Mirandela, ya hau Santa Clara, a 2020 Porto ta ɗauke shi. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica ƙwallo a mintunan ƙarshe, a gidanta, ƙwallon da ta tabbatar wa Porto kofin gasar ƙasar. Ya buga wa Najeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a watan Fabrairun 2024. Ƙasar da ta fitar da Zaidu ba ta gaji ba. Yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filin makarantar firamare a Wasagu da Bena da Maga da Ribah, wasu ba takalmi, gola kuwa duwatsu biyu ne ko sanda da igiya, akwai irinsa a cikinsu, duk da halin rashin tsaro da ya hana wasu ƙauyukanmu sakat.

Kuma doka tana tare da mai raino, in ya san ta. Ƙa'idar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas kowace tana da rabin kashi. A ƙaddara yaro ya yi wasa a wata ƙungiyar Wasagu daga shekara 12 zuwa 17, daga baya aka sayar da shi yuro miliyan 10. Rabon wannan ƙungiya yuro dubu 200 ne, kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki a kansa za ta sake samu. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin diddigin waɗannan kuɗaɗe yana tura wa masu su. Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyar ta kasance mai rajista a ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa, yaron kuma sunansa da shekarun da ya yi a cikinta suna rubuce. Kocin da ya yi shekaru yana saya wa yara ƙwallo da ruwan leda daga aljihunsa, in babu wannan rubutu, a idon doka bai taɓa ganin yaron ba.

Dokar ta kuma hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika shekarun kafin ya fara buga wa Venlo. Don haka duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da shanu ko gona a ba shi kuɗin biza zai kai ɗan shekara 15 gwaji Turai, a bincike shi da kyau. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin jirginsa.

Kirana ga masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa a Danko/Wasagu da sauran ƙasar Zuru shi ne, ku haɗa kai ku je hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Birnin Kebbi ku yi wa ƙungiyoyinku rajista, ku rubuta kowane yaro da ainihin ranar haihuwarsa, ba tare da rage ko shekara ɗaya ba. Iyaye, kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ita da Hausa ba. Ku kuma magoya bayan Pillars, Sai Masu Gida, duk ranar da aka ce an sayar da wani, ku tambayi shugabanni nawa aka karɓa, kaso nawa aka rubuta na gaba, kuma an biya waɗanda suka zauna albashinsu ko ba a biya ba.